Tambaya da Amsa: Dasa Murhun Indakshin a Kicin da Ja Masa Wuta

Wasiƙu da dama da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru ne a kan abu guda, wato murhun lantarki mai fuskar gilashi da ake kira indakshin, wanda ya fara shiga sababbin gidaje da kayan ɗakin amare a biranenmu. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Daga wata uwargida a Kano: Assalamu alaikum. Ƙanena ya aiko mini da murhun indakshin mai kai huɗu daga Ingila, irin wanda ake dasawa a cikin kantar kicin. A takardar da ke manne a ƙasansa an rubuta 7.2 kW, kuma wayarsa ba ta da kan da ake sawa a soket, sai siraran wayoyi biyar masu launi daban-daban. Mai gyara mana wuta ya ce zai sa masa kai ya jona shi a soket ɗin da muke sa firij da butar lantarki, amma maigida ya ce a dakata a tambaya tukuna. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maigida ya kyauta da ya ce a dakata, domin shawarar da mai gyaran wutar ya kawo tana iya narkar da soket, idan ma ba ta kai ga tayar da gobara ba. Lissafin ba shi da wuya. Wutar da ake ba gidaje a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma idan aka raba wat 7,200, wato 7.2 kW ɗin da ke rubuce a takardar, da 230 za a sami amfiya 31 da 'yar ɗoriya, wanda shi ne abin da murhun zai ja idan aka kunna dukkan kawunansa aka ƙure su. Soket mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila an yi shi ne don amfiya 13 kawai, wato kimanin wat 3,000, kuma wayar da aka saba ja masa mai kaurin milimita 2.5 ce. Ke nan ana shirin ɗora masa fiye da ninki biyu na abin da zai iya ɗauka, alhali firij da buta suna kan layin. Idan kan soket ɗin na kirki ne, fis ɗin da ke cikinsa zai yanke tun miya ba ta tafasa ba. Abin da kan biyo baya shi ne abin tsoro, domin idan aka gaji da sauya fis sai a cire shi a ɗaura zaren waya a gurbinsa, daga nan kuwa babu abin da zai tsayar da wutar sai robar ta narke. Da gangan kamfani ya bar wayar babu kai, don kada a yi abin da ake shirin yi ɗin nan.

Murhun yana bukatar layi nasa na kansa, wanda zai taso kai tsaye daga akwatin rarraba wuta na gidan, ba tare da an rataya masa ko da ƙwan fitila ɗaya ba. A cikin akwatin za a sa masa bireka, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa idan wuta ta wuce iyaka, mai amfiya 32, sannan a ja wayoyi uku na jan ƙarfe a cikin fayif, wato laif mai kawo wuta da nutural mai mayar da ita, masu kaurin milimita 6, da kuma wayar ƙasa mai zubar da wutar da ta zurara. Wayoyin za su fara shiga makunni mai amfiya 45, irin wanda masu shagon kayan wuta suka sani da makunnin kuka, wanda ke yanke laif da nutural a lokaci guda. A kafa shi a gefen murhun inda hannu zai kai cikin sauƙi, kada ya wuce nisan mita 2, kuma kada a kuskura a sa shi a saman murhun ko a bayansa, domin ranar da mai ya kama da wuta a cikin kasko ba a so mai girki ta miƙa hannu ta cikin harshen wuta kafin ta kashe. Daga makunnin sai waya ta sauka zuwa ƙaramin akwatin haɗi a ƙarƙashin kanta, inda za a ɗaure ta da wayar murhun da sukurori, ba a murɗe su a naɗe da salatif ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu a arewa wanda takardun da ke zuwa da kayan Turai ba su cika tunawa da shi ba, shi ne zafi. Jadawalin da ke nuna yawan wutar da kowace waya za ta iya ɗauka an gina shi ne a kan yanayi mai zafin digiri 30. Idan wurin da wayar ta bi ya kai digiri 40, abin da waya mai rigar roba za ta iya ɗauka yana komawa kashi 87 cikin ɗari, idan kuma ya kai digiri 50 sai ya koma kashi 71. Waya mai milimita 6 a cikin fayif tana ɗaukar kusan amfiya 40 a yanayi mai sauƙi, amma idan aka bi da ita ta cikin silin a ƙarƙashin kwano, inda duk wanda ya taɓa leƙawa da azahar a watan Afrilu ya san abin da ake ciki, za ta koma ƙasa da amfiya 30. To, ga bireka mai amfiya 32 a kanta, wanda ke nufin wayar za ta iya wuce iyakarta birekar ba ta ko motsa ba. Saboda haka, idan dole ne a bi ta cikin silin, ko kuma nisan akwatin da kicin ya kai mita 30, shawarata ita ce a sayi mai milimita 10. Kuɗin ya fi yawa, amma sau ɗaya ake ja.

Sai kuma ingancin wayar kanta. Kasuwa cike take da wayar da aka rubuta wa 6 alhali cikinta bai kai ba, da kuma wadda alminiyum ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. A yanki ɗan guntu a kankare zaren da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan to a mayar wa mai shago kayansa. A nemi wadda ke ɗauke da tambarin NIS na hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, a kuma karɓi rasit. Araha ba ta ado, balle a abin da za a binne a bango.

Kafin a sayi ko da taku ɗaya na waya, sai a dubi mita. Mitocin gidaje masu layi ɗaya, wato waɗanda laif ɗaya ce ke shigo musu daga turke, galibi amfiya 60 ne ko 80 aka rubuta a fuskarsu, kuma masu kati sukan yanke wuta da kansu idan aka wuce iyakar da aka saita musu. Idan gidan yana da na'urorin sanyaya ɗaki biyu ko uku, da hitar banɗaki, da injin tura ruwa, ƙarin amfiya 31 yana iya cika ma'auni. Mafita biyu ce. Ko dai a nemi kamfanin rarraba wuta, wanda a Kano da Katsina da Jigawa KEDCO ne, ya mayar da gidan kan layi uku, wato laif uku daga turke, ko kuma a rage wa murhun ƙarfi. Yawancin sababbin murhunan suna da wurin saita iyakar abin da za su ja, misali kilowat 3 ko 4.5, kuma bayanin yana cikin littafin da ya zo da shi. Idan aka yi haka kawunan za su riƙa raba wutar a tsakaninsu, girki da tukwane huɗu a lokaci guda zai ɗan yi nawa, amma a gaskiya ba kowace rana ce ake ƙure kai huɗu tare ba.

Game da wanda zai yi aikin, a nemi mai wayarin da ke da takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015 don sa ido a kan ingancin ayyukan lantarki. Wanda ya dubi 7.2 kW ya ce a sa a soket bai kamata a ba shi wannan aikin ba, ko da kuwa ya daɗe yana yi wa gidan hidima.

Daga wani matashi mai koyon wayarin a Kaduna: Ranka ya daɗe, an kira maigidana aikin irin wannan murhu, muka tarar da waya mai launi biyar: ruwan ƙasa, baƙa, toka-toka, shuɗiya, da kore mai ratsin rawaya. Mu kuwa a bango ja da baƙa da kore muka ja. Na ɗauka baƙa za ta tafi da baƙa. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, samari, kuma wannan kuskuren ya kashe murhu da yawa tun ba a ɗora musu tukunya ba. A tsohon tsarin Ingila da har yanzu muke bi a gidajenmu, ja ita ce laif, baƙa ita ce nutural. A tsarin Turai na yanzu, wanda Ingila ma ta koma kansa tun daga 2004, shuɗiya ce nutural, ruwan ƙasa ce laif, baƙa kuma ta zama laif ta biyu. Ke nan baƙar da ke jikin murhun da baƙar da ke cikin bango ba aikinsu ɗaya ba.

Dalilin wayoyi biyar shi ne murhu mai kai huɗu a cikinsa kashi biyu ne, ɓangaren hagu da na dama, kowanne da allon lantarkinsa, don a iya ciyar da su daga layi ɗaya ko daga layi biyu. A yawancin waɗanda ake kawowa daga Turai, idan gidan mai layi ɗaya ne, ana haɗe ruwan ƙasa da baƙa a kai su ga laif, a haɗe shuɗiya da toka-toka a kai su ga nutural, kore mai ratsin rawaya kuma ta tafi ga wayar ƙasa. Sau da yawa ma za ka tarar kamfani ya riga ya matse bakinsu biyu-biyu da ƙaramin zobe na ƙarfe, kada ka yanke shi. Na ce yawanci ne, domin hukunci na ƙarshe yana ga zanen da ke manne a ƙasan murhun kusa da inda waya ta shiga, kuma shi za ka bi ko da ya saɓa da abin da na faɗa.

Wasu kuma ba sa zuwa da waya ko kaɗan, sai ƙaramin akwati mai sukurori da aka rubuta wa L1 da L2 da N1 da N2 da alamar ƙasa, tare da wasu 'yan ƙarafa masu siffar ƙaramar gada a cikin leda ko a maƙale a murfin. A kan layi ɗaya, gada ɗaya tana haɗa L1 da L2, ɗayar kuma tana haɗa N1 da N2. Idan aka manta da ita, sai ka ga kai biyu suna aiki, biyu sun yi shiru, a fara zargin cewa an sayo mataccen kaya. Idan gidan mai layi uku ne kuma ana so a raba nauyin, sai a cire gadar da ke tsakanin L1 da L2, kowanne ya sami layinsa ta bireka mai haɗe da ke yanke su tare, nutural kuma ta zauna a mazauninta. A nan ne ake bukatar natsuwa, domin tsakanin layi da layi bolt 400 ne, kuma idan layi na biyu ya faɗa gurbin nutural allon zai ƙone nan take, idan kuma aka bar gadar a wurinta aka kawo layi biyu to an haɗa su gaba da gaba ke nan.

Wayar da za ka sa daga akwatin haɗi zuwa murhun ta zama mai laushi mai jure zafi, ka bar mata rara yadda za a iya ɗago murhun ba tare da an fizge ta ba, wayar ƙasa kuma ta ɗan fi sauran tsawo don ta zama ta ƙarshe da za ta kuɓuce idan an ja. Ka ɗaure sukurori tamau, domin sako-sakon haɗi a kan amfiya 30 zafi yake haifarwa, kuma yawancin ƙonewar da ake gani a bakin sukurori take farawa. Kafin ka taɓa komai ka kashe bireka, ka kashe janareta da inbata idan akwai, sannan ka gwada da mitar awo ka tabbatar babu wuta, kada ka dogara da ƙaramar tastar nan mai ƙwai a gindi ita kaɗai.

Ka kuma riƙa karanta takardar kayan gwanjo kafin ka jona. Ƙananan murhunan da aka yi wa Amurka bolt 120 ne, na Japan kuma bolt 100, kuma wutarmu za ta ƙona su da zarar an sa.

Daga wata malamar makaranta a Zariya: Tun da aka dasa mana murhun, idan na taɓa tukunya da cokali ko da jiƙaƙƙen hannu sai in ji ɗan ja kaɗan. Kuma da magariba yakan yi ƙara ya nuna harafin E da lamba ya mutu, amma da safe lafiya lau yake aiki. Ko ya lalace ne?

Amsa: Malama, alamu sun nuna lafiyarsa ƙalau, matsalolin biyu daga gidan suke. Jan da kike ji yana nuna cewa wayar ƙasa ba ta haɗe, ko kuma an haɗa ta amma ba ta kai ko'ina ba. A cikin kowane murhun indakshin akwai matatar da ke zubar da 'yar wuta kaɗan zuwa ƙasa a kowane lokaci, kuma idan ba ta sami hanya ba sai ta bi ta jikin mai girki. Wannan kaɗan ɗin ba ita ce abin fargaba ba. Abin fargabar shi ne ta tona asirin cewa ranar da wani abu ya lalace a ciki, ko gilashin ya tsage miya ta zurara, babu abin da zai kare ki. A daina amfani da shi har sai an gyara.

Gidaje da yawa an ja musu koriyar waya a bango amma ba a taɓa kafa sandar ƙasa ba, wasu kuma an kafa ta ta ruɓe. A sa mai wayarin ya kafa sanda mai rufin jan ƙarfe a wuri mai danshi, ya haɗa ta da akwatin rarraba wuta, sannan ya auna da na'ura, kuma awon rani ne abin dogaro, domin busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta kamar ta damina. Gishirin da ake zubawa a ramin yana taimakawa da farko, amma yana cin ƙarfen a hankali, don haka a riƙa dubawa. Idan wani ya ce zai haɗe wayar ƙasa da nutural a bayan makunni don jan ya ɓace, kada a yarda. Jan zai ɓace, amma ranar da nutural ta tsinke a kan turke, ko aka juya wayoyi a wajen gyara, jikin kayan gaba ɗaya zai ɗauki wuta.

Tare da sandar dole ne a sa na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurara, wadda za a ga an rubuta RCD ko RCCB a jikinta, mai miliamfiya 30, kuma nau'in A ya fi dacewa da kayan da ke da allon lantarki irin wannan. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci a ga ko za ta faɗi.

Mutuwar magariba kuwa raunin wuta ne. A lokacin ne kowa a unguwa yake kunna kayansa, taransifoma ta yi nauyi, wutar ta sauka ƙasa da abin da murhun zai iya aiki da shi, sai ya kashe kansa don ya tsira. Ma'anar lambobin ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai a duba littafinsa, a kuma auna wutar a daidai lokacin da abin ke faruwa. Rage masa iyakar ƙarfi yakan taimaka. Sitabilaizar da za ta ɗauki murhu mai kai huɗu sai ta kai kVA 10, domin ƙananan nan da ake sa wa firij da talabijin ba su da wannan ƙarfin, kuma ko babbar ma ƙarfinta raguwa yake yi gwargwadon raunin wutar da ke shigo mata. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne na'urar kariya mai amfiya 40 ko 63 da ake sawa a cikin akwati, wadda ke yanke layin idan wuta ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ta kuma jira ɗan lokaci kafin ta mayar. Ranar da aka kawo wutar nan mai ƙona ƙwai da caja a unguwa, ita ce za ta tsaya tsakaninki da sayen sabon allo, wanda samunsa ma a kasuwa aiki ne.

Daga wani magidanci a Sakkwato: Muna da sola da inbata mai kVA 5 da batir huɗu, da kuma janareta. Za su iya ɗaukar murhun? Kuma shin ya fi gas sauƙin kuɗi?

Amsa: Alhaji, mai kai huɗu ya fi ƙarfin inbatarka, ya kuma fi ƙarfin janaretocin gida masu kVA 2.5 zuwa 3.5. Abin da ya dace shi ne a ɗauki layinsa daga ɓangaren wutar kamfani kafin makunnin da ke sauya gidan zuwa inbata ko janareta, yadda ko an manta an kunna shi ba zai hau kan inbata ko janareta ba. Idan ana son girki da sola, ƙaramin mai kai ɗaya da ake sawa a soket, wanda ke jan kimanin wat 2,000, shi ne daidai, kuma da rana tsaka lokacin da faifan sola ke bayar da wuta. Da dare lissafin ba ya fita. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe yunit 2.4 ne, huɗu ke nan yunit 9.6, kuma irin na ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko. Girkin awa ɗaya a ƙure zai cinye yunit 2 daga cikin ƙasa da 5 da kake da su, sauran kuma su ne za su riƙe fanka har asuba a zafin Sakkwato.

Batun kuɗi kuwa, kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kimanin yunit 13 na lantarki, amma rabi ko fiye yana bin gefen tukunya ya tafi a iska, alhali indakshin yana isar da kusan kashi 85 cikin ɗari. Idan aka daidaita, kilo ɗaya na gas yana yin aikin kimanin yunit 7. Sai ka ninka kuɗin yunit ɗinka sau 7 ka gwada da kuɗin kilo a garinku. Lokacin da hukumar NERC mai tsara farashin wuta ta kai kuɗin yunit na rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 a watan Afrilun 2024, wannan lissafin ya kama naira 1,575, ka ga ga 'yan wannan rukuni ribar ba ta da yawa, wani lokaci ma babu. Waɗanda ke ƙananan rukunai wutarsu ta fi araha, sai dai ba ta cika samuwa a lokacin girki ba. Don haka ban taɓa ba kowa shawarar ya sayar da tukunyar gas ɗinsa ba.

Daga wata amarya a Katsina: An sa mini mai kai biyu a kayan ɗaki, amma duk tukunyar da na ɗora sai ya yi ta ƙyafta wata alama ya ƙi yin zafi. Kuma za a iya tuƙa tuwo a kansa?

Amsa: Allah ya sanya alheri, amarya. Murhun ba ya yin zafi da kansa. A ƙarƙashin gilashin akwai naɗin wayar jan ƙarfe da ke haifar da ƙarfin maganaɗisu mai juyawa sau dubbai a daƙiƙa, wannan ƙarfin ne ke shiga gindin tukunya ya sa ƙarfen ya yi zafi. Saboda haka sai tukunyar da maganaɗisu ke kamawa. Tukwanen dalma da maƙeranmu ke zubawa, da na alminiyum na kanti, da na ƙasa, duk ba za su yi ba. Ki tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu, ko da na jikin tsohuwar lasifika ne, ki manna a gindin tukunya, idan ya kama gam ta yi. Gindin kuma ya zama shimfiɗaɗɗe, faɗinsa ya yi kusa da zoben da aka zana a gilashin. Faifan ƙarfen da ake sayarwa don a ɗora tukunyar alminiyum a kai yana aiki, amma yana cinye saurin da tsimin da aka sayi murhun dominsu.

Tuwon mutum uku ko huɗu zai yiwu a tukunya mai kaurin gindi, idan aka rage wuta bayan an yi talge, aka riƙe tukunyar da tsumma don kada ta riƙa gurzar gilashin, kuma ba a buga muciya a bakinta ba. Ki share gindin tukunya da fuskar murhun kafin ki ɗora, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zana layi. Tuwon gidan yawa ko na suna kuwa a bar wa gas ko icce.

Daga wani mai gini a Maraɗi: Ina gina kicin da kantar siminti da tayil. Yaya zan bar wa murhun wuri? Kuma ƙa'idar waya ɗaya ce da ta Najeriya?

Amsa: Malam, lissafin ɗaya ne. Ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda masu aikin lantarki a ƙasashen renon Faransa suka fi sani, ita ma layi na musamman ta tanada, da waya mai milimita 6 da bireka mai amfiya 32. Sai dai ka fara duba ƙarfin da ka yi rajista da shi a kamfanin wuta na Nigelec, domin idan birekar da ke kusa da mita ƙarama ce za ta riƙa faɗuwa, sai an ƙara maka ƙarfi.

Ka sayi murhun kafin a zuba kantar, domin siminti ba ya gyaruwa kamar katako. Mai faɗin santimita 60 yawanci rami mai santimita 56 da 49 yake bukata, amma a auna da wanda ke hannu. A bar aƙalla santimita 5 tsakanin ramin da bango, a daidaita saman da ma'aunin ruwa don kada gilashin ya zauna a karkace ya tsage, kuma kada a kama shi da siminti ko gam. Siririn soso da maƙalai da suka zo da shi sun isa, kuma su ne za su bari a ciro shi ranar gyara. Ƙarƙashinsa ne magina suka fi yin kuskure, sukan toshe ko'ina. Akwai fanka a ciki da ke sanyaya allon, tana bukatar inda iska za ta shiga ta baya ta fita ta gaba, kuma idan akwai aljihun tebur a ƙasa a bar tazarar da littafin ya faɗa, kada a cika shi da leda ko takarda da fankar za ta zuƙa. A lokacin hunturu a riƙa share ƙurar da ke taruwa a ramukan iskar, a kuma sa raga a manyan kafofin kabad saboda kyankyasai da tsaka, waɗanda ke son ɗumin allon kuma su ne kan haɗe wutarsa ya ƙone. Kada a ajiye tukunyar gas a kabad ɗin da ke ƙarƙashin murhun, inda akwatin haɗin wuta yake.

Daga wata 'yar'uwa a Jos: Mahaifiyata tana da na'urar daidaita bugun zuciya da aka dasa mata a ƙirji. Za ta iya girki da shi?

Amsa: Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Gidauniyar kula da ciwon zuciya ta Birtaniya tana ba da shawarar a bar tazarar aƙalla santimita 60 tsakanin murhun indakshin da na'urar, wanda ke da wuyar kiyayewa ga mai tsayawa a kan tukunya tana juya miya. A tambayi likitan da ke duba ta, a kuma tafi da katin na'urar don ya ga irinta. Kafin a ji daga gare shi, ta yi amfani da gas, ko kuma wani ya karɓe ta a wajen murhun.